MU ZAGA DUNIYA: Yini Ɗaya a Kan Dutsen Tebur

 A wannan wata za mu nufi kudu, can inda ƙasar Afirka ta kusa ƙarewa, mu hau wani dutse wanda ke tsaye a bakin teku. Sunansa Dutsen Tebur. Yana cikin ƙasar Afirka ta Kudu, babban birnin nan Kef Taun kuwa yana kwance a gindinsa. An ba shi wannan suna domin kansa a baje yake kamar tebur, daga wannan gefe zuwa wancan misalin kilomita 3. Tun zamanin jiragen ruwa masu tafiya da iska, matuƙa sukan hango shi daga nesa su yi murna, gama sun san akwai ruwan sha a ƙarƙashinsa.

Tsayinsa mita 1,086 ne, watau ƙafa 3,563. Mutumin Jos zai yi dariya ya ce, "Ashe bai ma kai garinmu ba!" Da gaskiyarsa, gama Jos tana zaune wajen mita 1,200 bisa teku. Amma mai zuwa Jos, ƙasa ce take ɗaga shi kaɗan kaɗan cikin tafiya mai nisa. Shi Dutsen Tebur daga bakin ruwa ya miƙe, ya tsaya kamar ganuwa. Mutum yana iya karya kumallo a bakin teku, kafin rana ta take tsaka yana bisa kan dutsen, yana kallon manyan jirage kamar ɓawon gyaɗa.

Hawansa ba ya bukatar igiya ko wata gwaninta, in dai an bi hanyar da za mu bi yau. Duk mai ƙoshin lafiya zai hau ya sauko cikin yini ɗaya. Yara masu wayo suna hawa, dattawa ma suna hawa. To, a nan ne haɗarin yake. Da yake dutsen a cikin gari yake, ana ganinsa daga bakin kasuwa, sai baƙo ya raina shi. Ya tashi da silifas da 'yar kwalbar ruwa, yana cewa yanzu zai dawo. Shekara ba ta ƙarewa sai masu aikin ceto sun sauko da mutane da yawa, waɗansu da karaya, waɗansu ƙishi ko sanyi ya kayar da su. Akwai kuma waɗanda ba su koma gida da rai ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Saboda haka bari mu bi tafiyar daki daki, daga gindi har bisa, mu ga abin da iyali za su yi su je lafiya su komo lafiya.

Waɗanda suka riga mu

Tun kafin Turawa su zo, makiyaya da maharba 'yan ƙasa suna zaune a wurin. Mutanen Koikoi suna kiran dutsen Hoerikwaggo, ma'anarsa dutsen teku. Baturen farko da aka rubuta labarin hawansa shi ne Antoniyo da Saldanya, wani shugaban jiragen ruwa na Fotugal, a shekarar 1503. Shi ma ba yawon shan iska ya kai shi ba. Lissafin tafiya ne ya rikice masa, bai san ko ya riga ya kewaye ƙarshen ƙasar ko bai kewaye ba, sai ya hau domin ya duba da idonsa. Shi ne ya sa wa dutsen sunan tebur.

Hanyar da ya bi wani babban kwazazzabo ne wanda ya tsaga fuskar dutsen daga sama har ƙasa. Ana kiransa Platteklip, watau falalen dutse da harshen mutanen Holan, waɗanda suka kafa zango a wurin a shekarar 1652. Akwai rafi mai gangarowa daga kwazazzabon. A zamanin bauta, bayi mata sukan ɗauko kayan wankin iyayengijinsu daga gari, su yini a bakin wannan rafi suna buga tufafi a kan falalen. Bayi maza kuwa sukan hau neman itacen wuta, su sauko da shi a kafaɗa. Waɗansu da suka gudu, a kogunan dutsen suka ɓuya. Ba a saki bayin ƙasar ba sai a shekarar 1838. Duk mai hawa yau da takalmi mai kyau da guzuri a jaka, ya kamata ya tuna da waɗannan da suka taka wurin ba da sonsu ba.

Uwargida, kada ki ce wannan aikin maza ne. A shekarar 1797 wata Baturiya mai suna An Banad, matar wani babban ma'aikacin gwamnati, ta hau ta wannan kwazazzabo. Da ta ga doguwar riga za ta hana ta, sai ta ari wandon mijinta ta sa.

Shiri tun daren jiya

Abu na fari, a san lokaci. Ƙasar tana kudu da tsakiyar duniya, saboda haka lokatanta a juye suke. Daga Disamba zuwa Fabrairu ake zafi da rani, rana kuwa ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 8 na dare. Daga Yuni zuwa Agusta ake sanyi da ruwan sama, wajen ƙarfe 6 na yamma rana take faɗuwa, wani lokaci har dusar ƙanƙara takan sauka a kan dutsen. A saurari labarin yanayi tun da dare. In aka ce gobe za a yi iska mai ƙarfi ko ruwa, sai a ɗaga tafiyar. Dutsen ba zai gudu ba.

Na biyu, kada mutum ya tafi shi kaɗai. Masu lura da dutsen suna ba da shawara a tafi mutum huɗu ko fiye. Ga dalili: in ɗaya ya ji ciwo, ɗaya zai zauna tare da shi, biyu su tafi neman taimako, ba wanda aka bari shi kaɗai. Banda wannan, akan sami ɓarayi masu tare mutane a hanyoyin da ba kowa, su kuwa sun fi son mai tafiya shi ɗaya. A bar sarƙa da agogo mai tsada a gida. A gaya wa wani a masauki hanyar da za a bi da lokacin da ake sa ran komowa, kada kuma a sake hanya bayan an faɗa.

Na uku, kaya. Kowane mutum ya riƙe nasa ruwan sha, lita 2 a lokacin zafi. Kada a dogara ga rafi, gama da rani yakan ƙafe. A sa takalmi mai rufe ƙafa, mai kama dutse, wanda ƙafa ta riga ta saba da shi. Sabon takalmi yakan fid da bororo tun ba a kai rabi ba. A ɗauki malafa, da abinci mara nauyi kamar burodi da gyaɗa da dabino da lemo, da tocila, da waya mai cikakken caji. A bakin hanya akwai allo mai lambar masu ceto, a tsaya a rubuta ta.

Sa'an nan ga abin da aka fi mantawa: rigar sanyi da rigar ruwa, ko da ana zafi kamar wuta a gari. Yaro zai ce, "Mama, me zan yi da suwaita cikin wannan rana?" Ki sa masa a jaka, zai gode miki daga baya. Duk hawan mita 1,000 zafin iska yakan ragu da awo 6 ko fiye a ma'aunin zafi. In aka haɗa da iska da jiƙewar gumi, wanda yake fifita a gindi zai yi rawar ɗari a bisa.

Hawa

Mota takan kai mutum har bakin kwazazzabon, a kan titin da ya bi ta gindin dutsen, mita ɗari uku da wani abu bisa teku. Abin da ya rage a hau da ƙafa wajen mita 700 ne, tsawon hanyar kuwa bai wuce kilomita 3 ba. Kada wannan ƙaramin lissafi ya ruɗe ka. Kilomita 3 a fili tafiyar minti arba'in ce. A nan kuwa kusan duk hanyar matakala ce ta duwatsu, waɗansu tsayinsu ya kai gwiwa. Saurayi mai ƙarfi yakan kai cikin awa ɗaya da rabi. Iyali da yara su ƙaddara awa uku.

A fara da sassafe, in lokacin zafi ne kafin ƙarfe 7. A ƙasar nan rana ta wajen arewa take bi, fuskar dutsen kuwa arewa take kallo, inuwa kuma kaɗan ce a hanya. Wanda ya fara ƙarfe 10 zai sha rana a ka, duwatsun kuma su riƙa mayar masa da zafi kamar murhu.

Da fari hanyar takan bi gefen rafi cikin 'yan itatuwa. Bayan kamar minti ashirin za ka tarar da wata hanya wadda ta ratsa ta kwance, tana kewaya dutsen. A nan a karanta allo da kyau a bi inda aka nuna. Daga nan hanya takan fara karkata, hagu da dama, hagu da dama, tana hawa. Kada a yanke ta tsakiya don sauri. Mai yanke yakan zame, yakan kuma turo duwatsu a kan na ƙasa, yana kuma buɗe wa ruwan sama hanyar zaizaye ƙasa.

Ga dokar da ta fi kowace muhimmanci ga iyali: wanda ya fi kowa rauni shi ne ma'aunin tafiya. Maigida, in kana da ƙarfi, wurinka a baya ne, inda idonka zai ga kowa. Samari sukan so su yi tsere su riga kowa kaiwa. A hana su wuce inda murya za ta kai. Galibin wahalar da ake sha a dutse takan fara ne sa'ad da ƙungiya ta rabu, waɗansu a gaba, waɗansu a baya, kowa yana zaton ruwa ko rigar sanyi tana hannun ɗan'uwansa. Sannu ba ta hana zuwa. In kana iya magana da na kusa da kai ba tare da haki ba, tafiyarka daidai take. A riƙa tsayawa kaɗan kaɗan ana kurɓar ruwa tun ƙishi bai kama ba.

A lura da fuskokin juna. In wani ya fara ciwon kai, ko jiri, ko tashin zuciya, a zaunar da shi a inuwa, a ba shi ruwa, a jiƙa masa kai da wuya. In ya fara magana a ruɗe, ko ƙirjinsa na ciwo, a kira masu ceto nan da nan. Kunya takan sa mutum ya ce, "Ba komai, mu ci gaba." Ya kamata shugaban tafiya ya gaskata idonsa fiye da wannan magana. Tun a gindi a yanke lokaci, a ce, "In ƙarfe kaza ta yi ba mu kai ba, za mu juya." In lokacin ya yi, a juya, ko da ana hangen bakin dutsen. Wanda ya juya yau yana da gobe.

Can kusa da ƙarshe bangayen kwazazzabon sukan matso, har faɗinsa ya zama taku kaɗan. Wuri ya yi inuwa, iska mai sanyi ta riƙa busowa ta tsakiya. A nan ake fid da rigunan da yara suka ƙi ɗauka. Kaɗan kuma sai ka ga matakala ta ƙare, sama ta buɗe, ga ka a bisa tebur.

Abin da ke bisa

Daga bakin kwazazzabon hanya ta rabu. Ta dama tana kai mutum tashar motar igiya cikin kamar minti goma sha biyar. Ta hagu tana kai shi wuri mafi tsayi duka, inda akwai tarin duwatsu wanda wani masanin taurari mai suna Tomas Makliya ya sa aka tara a ƙarni na 19 domin aikin awon ƙasa. Zuwa can kamar minti arba'in da biyar ne, komowa ma haka. An shafa alamun sawu da rawayan fenti a kan duwatsu domin a bi. Sai mai sauran ƙarfi da sauran rana, a ranar da sama take garau, ya kamata ya je.

Tsaya ka duba arewa. Ga birnin a ƙarƙashin ƙafarka, da tashar jiragen ruwa. A dama akwai wani tsauni mai tsini, tsayinsa mita 1,000, ana ce da shi Tsaunin Iblis. A hagu ga Kan Zaki, mita 669, da dogon tudu a gabansa kamar jikin zaki a kwance. Daga wannan tudu ake buga igwa da ƙarfe 12 na rana, banda Lahadi da ranakun hutu. Dā matuƙan jirage da ita suke daidaita agogonsu.

Can cikin ruwa za ka ga wani tsibiri a shimfiɗe kamar faifai. Shi ne Robben. An daɗe ana kai mutanen da ba a so a gani can. An tsare kutare a wurin har shekarar 1931. Daga baya ya zama kurkukun masu ƙin mulkin wariyar launin fata. Nelson Mandela ya yi shekara 18 a ciki, daga 1964 zuwa 1982, yana fasa dutse, yana hangen wannan dutsen da kake tsaye a kai. An sake shi daga ɗauri a 1990, ya zama shugaban ƙasa a 1994. Yau tsibirin gidan tarihi ne. Wannan wuri ne mai kyau da uba zai zaunar da 'ya'yansa ya ba su labarin.

Ta yamma tekun Atlantika ne, ruwansa da sanyi ƙwarai ko da rani. Mutane da yawa suna cewa daga nan ake ganin inda tekun Atlantika da na Indiya suka haɗu. Masu zanen taswira ba su yarda ba. Iyakar tana wani wuri da ake kira Agulhas, fiye da kilomita 150 ta kudu maso gabas, can ne ainihin ƙarshen Afirka ta wajen kudu.

Yanzu sunkuya ka dubi ƙasa. Ƙasar dutsen yashi ce mara taki, manomi ba zai ko dube ta ba. Duk da haka a kan wannan dutse da jerin duwatsun da suka bi bayansa zuwa kudu akwai tsire-tsire fiye da iri 2,000, waɗansu kuwa ba a samunsu ko'ina a duniya sai nan. Galibinsu gajeru ne masu ƙananan ganye masu tauri, mutanen wurin suna kiransu fainbos. A cikinsu akwai furotiya, mai fure kamar ƙaramar ƙwarya, wadda ita ce furen alamar ƙasar. A shekarar 2004 hukumar UNESCO ta sa yankin cikin wuraren gādon duniya. An hana tsinkar fure ko guda.

Abin mamaki, wannan daji yana bukatar gobara jefi jefi, bayan shekara goma ko fiye. Waɗansu irin ba sa tsirowa sai wuta ta wuce ta kansu. Amma in wuta ta yawaita, takan cinye tsiron tun bai yi 'ya'ya ba, in kuma iska ta kama ta, takan shiga gari. A watan Afrilu na 2021 gobara ta tashi a gefen Tsaunin Iblis, ta gangara ta ƙone babban ɗakin karatu na Jami'ar Kef Taun, inda aka ajiye littattafai da takardu masu daraja na tarihin Afirka. Guntun taba ɗaya ya isa ya jawo irin wannan hasara. Kada a hura wuta a dutsen ko kaɗan.

Kusa da tashar motar igiya yara za su ga wata dabba da mutanen duwatsun ƙasarmu suka sani sarai, watau rema. Ita ce wadda littafin Karin Magana ya lasafta cikin ƙananan halittu huɗu masu hikima. Tafin ƙafarta taushi gare shi kamar roba, yana da damshi, shi ya sa take gudu a kan santsin dutse ba ta zamewa. Da safe remaye sukan kwanta a rana su ɗumama jiki, ɗaya yana tsaro. Da ya hango gaggafa sai ya yi ƙara, duk su faɗa rami. Masana dabbobi sun ce, ko da yake ta yi kama da gafiya, danginta na kusa su ne giwa da ayu. Kada a ba ta abinci, kada kuma yaro ya miƙa mata hannu, tana cizo. Akwai macizai kuma, har da kasa, wadda takan kwanta a hanya ba ta gudu. A duba inda ake sa ƙafa da hannu.

Mayafin tebur

Yanzu mun zo ga abin da ya fi cin mutane. Da rani akwai iska mai ƙarfi da take tasowa daga kudu maso gabas. Mutanen birnin suna kiranta Likita, wai tana share ƙazantar iskar gari. Tana ɗauko damshi daga teku, in ta ci karo da dutsen sai ta hau. Da ta hau sai ta yi sanyi, damshin ya zama farin gajimare, ya shimfiɗu a kan dutsen, ya riƙa zubowa ta gaba kamar mayafin da aka rufa wa tebur. In ya gangaro ya tarar da ɗumi sai ya watse, shi ya sa ba ya kaiwa gari. Akwai tatsuniya a wurin, wai wani tsohon ɗan fashin teku ne suke gasar shan lofe da Iblis, hayaƙinsu ke nan. Wannan gajimare yana da amfani, gama raɓarsa ce take shayar da tsire-tsiren a watannin da ba ruwa.

Daga gari abin sha'awa ne. Ga wanda yake ciki kuwa, wani abu ne dabam. Cikin mintoci kaɗan rana takan ɓace, sanyi ya sauko, tufafi su jiƙe, mutum ba ya ganin abin da ke taku goma a gabansa. Ka tuna kan dutsen a baje yake, ko'ina kama ɗaya, gefensa kuwa rami ne na ɗaruruwan mita. Wanda ya rasa hanya ya ce bari ya gangara ta nan, yana iya kai kansa inda ba gaba ba baya.

In gajimare ya rufe ku, ku taru wuri ɗaya, babba ya ƙirga kowa. Ku sa rigunan sanyi tun jiki bai fara rawa ba. In hanya tana bayyane a ƙarƙashin ƙafarku, ku bi ta a hankali kuna riƙe da yara. In ta ɓace muku, ku tsaya. Ku nemi bayan wani dutse inda iska ba ta bugu, ku matsu da juna, ku ci abinci, ku kira masu ceto ku gaya musu hanyar da kuka biyo. Ya fi sauƙi a sami wanda ya zauna wuri ɗaya da a sami mai yawo cikin hazo. Da yawa cikin masu ceton nan 'yan sa kai ne, sukan bar iyalinsu da dare su shiga haɗari saboda baƙon da ba su sani ba. Mai yin ganganci ba ransa kaɗai yake wasa da shi ba.

Sauka

Tun shekarar 1929 akwai motar igiya mai kai mutane bisa ta sauko da su. An sabunta ta a 1997. Kowace tana ɗaukar mutum 65, daɓenta yana juyawa domin kowa ya ga ko'ina, cikin kamar minti biyar an sauka. Ga iyali masu yara da dattawa, hawa da ƙafa da sauka da mota shi ne daidai. A riƙe kuɗin tikiti.

Amma kada a jingina rai a kanta. In iska ta yi ƙarfi akan tsayar da ita, akan busa jiniya a tashar bisa domin mutane su komo a sauke su kafin a rufe. Akan kuma rufe ta wani lokaci domin gyara. Mutane da yawa sun hau da yamma, ruwansu ya ƙare, ƙarfinsu ya ƙare, suka iske tasha a kulle. Saboda haka a tambaya tun da safe ko tana aiki, da lokacin motar ƙarshe. A kuma rage ruwa da ƙarfi da rana waɗanda za su isa a sauka da ƙafa in ta kama.

Mai sauka da ƙafa ya koma ta inda ya hau. Akwai waɗansu hanyoyi kusa da tashar waɗanda suke kamar sun fi kusa, amma sai an kama dutse da hannu a bakin rami, ba na baƙo ba ne. Sauka tana cin awa biyu, gwiwa kuwa ita take biyan kuɗin. Yawancin targaɗe a nan ake yinsa, gama ƙafa ta gaji, hankali kuma ya riga ya tafi gida. A taka a hankali, a riƙe sanda in akwai, kada yara su yi gudu. Duk abin da aka hau da shi, leda ko kwalba ko ɓawon lemo, a sauko da shi. Da an isa gindi, a aika wa wanda aka bar wa saƙo cewa an sauka, kada ya tayar da masu ceto a banza.

Watakila da yawa cikinmu ba za su taɓa zuwa Kef Taun ba. Amma dokokin nan ba na Dutsen Tebur kaɗai ba ne, sun shafi kowane dutsen da matasa suke shirin hawa ranar hutu: a tashi da wuri, a tafi tare, a bi ƙarfin mai rauni, a san lokacin juyawa. Iyaye da shugabannin matasa, ku karanta musu wannan kafin su tashi.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.